Asibitin da ya fara ɗora ƙanena a kan sikeli

Shekara shida ke nan ina raka ƙanena ganin likitan ƙwaƙwalwa. Ciwonsa shi ne wanda likitoci ke kira sikizofireniya. Tun da aka ɗora shi a kan olanzapine muka samu sa'ida: muryoyin da yake ji suka lafa, barci ya samu, ya koma kan kekensa na ɗinki. Sai dai maganin ya buɗe masa ciki. Mutumin da ba ya iya gama malmalar tuwo ɗaya, sai ga shi yana tashi da biyu, cikin dare kuma ya nemi shayi da burodi. Mu a gida murna muke yi. Inna har cewa take, "Alhamdu lillahi, jiki ya dawo."

Inda muke zuwa da can, tambaya uku ce kullum: yana barci, yana shan magani, yana surutai? A rubuta kati, mu tafi. Ba wanda ya taɓa awon nauyinsa.

Bara muka sauya asibiti, kuma a kan wannan sabon wurin nake son yin magana. Kafin a ga likita, sai an bi ta wani ɗan ɗaki na awon jiki. Wata nas ce dattijuwa a ciki. Ba ta yi mini magana a kansa kamar ba ya wurin ba, shi ta fuskanta: "Malam, bismillah, cire takalmi ka hau." Kilo 84. Lokacin da aka fara ba shi maganin 62 yake. Da ta ɗauko tef za ta auna ƙugunsa, sai ya ce, "Sista, tef ɗin ya karkace," ya gyara shi da hannunsa irin na tela. Ta bar shi ya karanta lambar da kansa. Na daɗe ban ga ya saki jiki haka a asibiti ba.

Hawan jininsa 146 bisa 92. Sugansa, ba tare da ya karya ba, 118. Likita ya zana mana a takarda cewa daga 100 zuwa 125 bakin ƙofa ne, daga 126 kuwa ana maganar ciwon suga. Ya ce olanzapine na cikin magungunan da suka fi sa ƙiba da hawan suga da kitsen jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu tsananin taɓin hankali kan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin sauran mutane, galibi saboda ciwon jiki irin na zuciya. Jikina ya yi sanyi, domin ni ce mai ƙara masa tuwo.

Bai dakatar da maganin ba, ya ma ja mana kunne kada mu kuskura mu rage da kanmu. Ya tambaye shi sigari, ya ce ranar da ya yi niyyar bari ya sanar da su, don hayaƙin taba na rage ƙarfin wannan magani a jini, in an daina sai a sake duba adadin.

Amma akwai abin da ya ɓata mini rai. An ce mu zo bai ci komai ba, mun iso bakwai na safe, ba a ɗebi jininsa ba sai wajen sha biyu da rabi. Mutum mai shan maganin da ke sa yunwa da kasala, a bar shi a kan benci haka! Ya kamata masu azumin gwaji su zama na farko a layi. Gwajin kitsen jini kuma ba sa yi, waje aka tura mu, da kuɗinmu da na Keke Napep. Sakamakon ma a guntuwar takarda aka ba mu, zuwanmu na biyu ba a same shi cikin fayil ba.

Duk da haka ba zan mayar da shi tsohon wurin ba. Na sayi littafi mai bango ja ina rubuta kowane awo da kwanan watansa. Lemon kwalba ya fita daga gidanmu, kuma bayan la'asar yakan taka da ƙafa zuwa shago maimakon hawa acaɓa. Watan jiya sikeli ya nuna 79, shi ya karɓi biro ya rubuta.