Littafi, waya ko na'urar damtse: a ina za ka riƙa ajiye lissafin sukari da insulin?

Ban ɗauki rubutu da muhimmanci ba sai ranar da aka yi wa Hajiyarmu, mai ciwon sukari, allurar insulin ta safe sau biyu. Ƙanwata ta yi mata bayan asuba ta wuce makaranta, ni kuma na shigo gaisuwa wajen ƙarfe takwas. Na ce, "Hajiya, an yi miki allura?" Ta ce ita dai ba ta tuna ba. Na ɗauko sirinji na yi mata. Kafin hantsi ya dubi ludayi gumi mai sanyi ya karyo mata, hannu na rawa, harshe na harɗewa. Muka gwada, na'ura ta nuna 52, wato sukarinta ya faɗi ƙasa sosai. Ruwan sukari muka ba ta, muka nufi asibiti. Allah ya kiyaye.

Tun daga ranar abin da nake fara tambaya game da kowace hanyar ajiye lissafi shi ne: shin wanda ya shigo ɗakin yanzu zai gane an yi allura ko ba a yi ba, ba tare da ya tambayi kowa ba? Sauran sharuɗɗan daga baya suke zuwa.

Na'urar gwajin sukari tana da ma'ajiyarta. Accu-Chek Active, misali, tana riƙe sakamako har 500, kuma masu sayarwa na yawan tallata wannan. Amma lamba kawai take riƙewa. Ba ta san Hajiya ta sha fura ba, ba ta san yunit nawa na insulin aka yi mata ba. Ga shi kuma a gidajenmu na'ura ɗaya ta unguwa ce: maƙwabciya ta leƙo a gwada ta, baƙo ya zo a gwada shi, duk su shige cikin lissafin mutum guda. Wannan ban ƙidaya ta cikin zaɓi ba ma.

Manhajar waya ta fi ta. Irin su mySugr, wadda aka ƙirƙira a Vienna kuma kamfanin Roche ya saye ta a 2017, suna karɓar lamba da allura da abinci, su zana maka yadda sukarin ke hawa da sauka. Ga matashi mai yi wa kansa komai, wayarsa kullum a hannu, ba laifi. Sai dai za ta tambaye ka giram nawa na sitaci ka ci, kai kuwa malmalar tuwo ka ci da miyar kuka. Kuma lissafin yana cikin aljihun mutum ɗaya. In ya tafi kasuwa, ko an ɗauke wuta caji ya ƙare, gida ya koma lalube.

Na'urar da ake liƙawa a damtse, kamar FreeStyle Libre ta kamfanin Abbott, tana aiki kwana 14 tana auna sukari dare da rana. Ita kaɗai ce ke nuna faɗuwar sukari cikin barci ba tare da an tashi an soki yatsa ba, don haka mai ƙaramin yaro da ke kan insulin, in yana da hali, ya duba ta. Ruwan ƙarƙashin fata take aunawa, ba jini ba, shi ya sa takan yi jinkirin 'yan mintuna. Tsadarta ba ta kowa ba ce, kuma ita ma ba ta san wa ya riƙe sirinji ba sai an shigar mata.

Ni dai littafi na zaɓa, kuma ba na ɓoyewa. Ba ɗan littafin makaranta mai fallaye arba'in ba, wanda mai da ruwa za su cinye cikin wata guda. Babban nan mai bango mai tauri da masu shago ke rubuta bashi a ciki. Ka ja layuka da rula: kwanan wata, lokaci, sakamako, kafin abinci ne ko bayansa, wane insulin, yunit nawa, wa ya yi, me aka ci. Gurbin "wa ya yi" shi ne zuciyar littafin. Dokar gidanmu ita ce ba a cire murfin allura sai an buɗe shafin ranar. Biro kuwa mun ɗaure shi da zare a jikin bangon, don biron da ba a ɗaure ba na yara ne.

Wajen abinci, kada ka rubuta "tuwo" ka tsaya. Rubuta malmala ɗaya ko biyu, na shinkafa ko na masara, koko ludayi nawa, da sukari ko babu. A haka muka gano cewa kokon safe shi kaɗai yana cilla lambar Hajiya sama, amma in an rage shi an haɗa da ƙosai ko dafaffen ƙwai sai abin ya yi sauƙi. Ba mu muka canza mata yawan allura ba. Likita ne ya yi, bayan ya bi shafukan da yatsa yana tambaya, "Hajiya, wannan 230 ɗin fa, biki aka je?" Ta yi dariya, don kuwa suna aka je.

A bangon ciki na rubuta abubuwan da ba a son mantawa. Ƙasa da 70 faɗuwa ce, a ba da abu mai zaƙi nan take. Ga yawancin manya ana neman 80 zuwa 130 kafin abinci, ƙasa da 180 awa biyu bayan fara ci, sai dai in likita ya sa wa mutum nasa ma'aunin. Mai azumi in ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300, shawarar likitoci ita ce ya karya. Na kuma rubuta da manyan baƙi cewa na'urarmu da mg/dL take awo. Wasu na'urorin da mmol/L suke yi, kuma sai ka ninka da 18: 7 a can ita ce 126 a nan. Wanda bai sani ba zai ga 7 ya ruga neman ruwan sukari. Rauninsa ɗaya, littafi yana ɓata. Duk Juma'a nakan ɗauki hoton shafukan in tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp.

To, yanzu ga inda aka ƙone ni, kuma a nan zan daɗe. Littafi duk kyansa, abin da tsinken gwaji, wato ɗan fallen da ake ɗiga wa jini a sa a na'ura, ya faɗa masa shi zai rubuta. Na taɓa samun tsinke da araha a wani shago cikin kasuwa. Mai shagon ya ce, "Alhaji, duk ɗaya ne, kwali ne kawai ya ɗan sha rana." Sati uku lambobi suna zuwa gwanin sha'awa, alhali Hajiya na kwana zaryar banɗaki, ƙishirwa ba ta barinta. Da aka gwada a asibiti, lambar can ta yi wa tamu nisa ƙwarai. Na dawo na kankare wata 'yar takarda da aka liƙa a gindin kwalin, sai ga ainihin ranar ƙarewar aiki, ta wuce tuntuni. Araha ba ta ado, ni kuwa na saya da kuɗina.

Saboda haka, kafin ka biya, buɗe kwalin a gaban mai shago. Ranar ƙarewa da lambar rukunin da ke jikin kwali su zama su ne a jikin gwangwanin ciki. In ka ga takarda a kan takarda, ko rubutu ya dushe, ajiye masa kayansa. Kada ka sayi tsinken da aka ƙirgo maka goma a leda, domin zafi da laima suna lalata shi da zarar ya bar gwangwaninsa, ko da na gaske ne. Duba lambar rajistar NAFDAC. Kuma kafin ka sayi kowace na'ura, tambayi kemis uku a garinku ko suna da tsinkenta, don kowace da nata, kuma kuɗin da za ka kashe a kan tsinke cikin shekara ya fi kuɗin na'urar nesa. Lokaci-lokaci ka tafi da na'urarka asibiti ku gwada tare. Bambancin da bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba abin karɓa ne. Gwajin HbA1c kuma, mai nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, shi ke tona asirin littafin da aka yi wa ƙarya.

Insulin ma haka. In ba daga firji aka ɗauko maka ba, ka wuce. Wanda ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, wanda ya taɓa daskarewa kuma ya tashi aiki. Mai garau ya zama garau kamar ruwa, mai fari irin Mixtard in an murza shi a tafin hannu ya haɗe sumul, ba gudaji. Duba ƙarfinsa a jikin kwalba, ko U-100 ne ko U-40, sirinjin ya dace da shi. Ranar da ka buɗe sabuwar kwalba ko sabon gwangwanin tsinke, ja jan layi a littafin ka rubuta inda ka saya. In lambobi suka sauya hali daga wannan layin, ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Kwalin ma kada ka yar sai kayan sun ƙare.