Rabin yini da mai koyar da fatsa a gaɓar Puget Sound

Shekara biyu ina zuwa gaɓar Puget Sound, wani reshen teku a jihar Washington ta Amurka, da sandata ta fatsa, ina komowa hannu rabbana. Sai a watan Afrilu na haƙura na biya wani mai koyar da fatsa kuɗin rabin yini, ya kai ni wata gaɓa kudu da birnin Tacoma.

Kifin da muka je nema shi ne cutthroat. An ba shi sunan ne saboda jan zanen da ke ƙarƙashin haɓarsa, kai ka ce yanka shi aka yi. A rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangaro ruwan gishiri ya yi kiwo, amma ba ya nausawa cikin teku kamar kifin salmon, gefe-gefe yake bi. Yawancinsu inci 12 zuwa 16 ne.

Tun kafin ranar mai koyarwar ya bugo waya ya canza mini lokaci, daga hantsi zuwa asuba. Na ji haushi, ashe jadawalin cikar teku da janyewarsa ya duba. Kifin nan bai cika cin koto a ruwan da ya kwanta ba, ya fi ci lokacin da ruwa ke gudu a kan tsakuwa da bawon kawa kamar kogi.

Muna isa na kama hanyar kutsawa ruwa har ƙugu yadda na saba. Ya riƙo hannuna, ya ce inda nake shirin takawa nan ne kifin yake. Muka tsaya a busasshiyar tsakuwa, muka fara jifa cikin ruwan da bai wuce gwiwa ba. Wato shekara biyu ina korar abin da na zo nema da ƙafafuna! Wannan gyara kaɗai ya isa kuɗin.

Lokacin ne 'ya'yan salmon irin chum ke fitowa daga rafuka garke-garke, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Mai koyarwar ya ɗaura mini koton da aka haɗa da gashi mai kama da su, wanda ake kira Chum Baby. Sanda mai lamba 6 ce (lambar nauyin igiyar da ta dace da ita), tsawonta ƙafa 9, da igiyar da ke nitsewa a hankali, sai kwando a ƙugu da ake tara igiyar a ciki don kada ta harɗe da ciyawar ruwa. Da farko na raina kwandon, daga baya na sayi nawa. Ya hana ni kafewa wuri ɗaya: jifa biyu ko uku, ka matsa gaba. Idan kifi ya cafka kuma, igiya za ka fizga da hannu, ba sanda za ka ɗaga ba. Sau biyu na manta, sau biyu kifi ya kuɓuce.

Uku na kama. Babban cikinsu ya yi tsalle har sau biyu kafin ya shigo raga, jikinsa duk ɗigo-ɗigo, bayansa kore-kore. Mai koyarwar bai bari na fito da shi daga ruwa ba. Dokar jihar ta ce duk cutthroat da aka kama a ruwan gishiri a sake shi, ƙugiya kuma dole ta zama marar ƙaya, wato marar ɗan tsinin nan da ke hana ta fita daga bakin kifi.

Inda mai koyarwar ya gaza, wandon robar shiga ruwa da ya ara mini yana yoyo a gwiwar hagu, ruwan Afrilu kuwa sanyinsa har cikin ƙashi. Ya ba ni haƙuri, amma ko sisi bai rage ba. Ga shi da rowar bayani kan wasu gaɓoɓin, alhali da yawa daga bakin ruwan jihar mallakin mutane ne, baƙo na iya afkawa filin wani bai sani ba. Wanda bai iya jifa ba tukuna, ya fara koya a fili, kada ya ƙone kuɗinsa yana warware igiya. Ka tanadi lasisin kamun kifin ruwan gishiri tun daga gida, ka kuma zo da wandonka.

Da na koma ina ɗauraye kayan da ruwan famfo saboda gishiri, uwargida ta leƙa cikin jaka ta ce, "Maigida, ina kifin?" Na nuna mata hoto a waya. Ta ce to, a soya wayar.