Gwajin kyamarar hanji da na yi a Gombe

Shekara biyu Yayana ya yi yana shan maganin basir. Duk motar mai magani da ta kafa lasifika a bakin kasuwa sai ya sayi gora guda. Ranar da aka kai shi asibiti aka duba, ashe kansar babban hanji ce, har ta kai hanta. Yana da shekara 52 ya rasu, Allah ya jiƙansa. Likitan da ya duba shi ne ya ja ni gefe ya ce duk wanda ɗan'uwansa na jini ya yi wannan ciwo, ana so a fara duba shi tun yana shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano na ɗan'uwan. Ni kuwa na ba 46 baya. Na ce to, sannan na yi wata takwas ina kewaye-kewaye, ba don komai ba sai kunyar hanyar da za a bi.

Sunan gwajin kwalonoskofi. Wata doguwar roba ce mai kaurin yatsa, da kyamara da fitila a bakinta, ana shigar da ita ta dubura a bi babban hanji, wanda tsawonsa ya kai wajen mita ɗaya da rabi. Abin da ake nema shi ne ƙananan tsiro a bangon hanjin. Yawancin kansar nan daga irin wannan tsiron take farawa, kuma yakan ɗauki kamar shekara goma kafin ya rikiɗe. In an gan shi, a nan take ake cire shi.

Wahalar duka tana jajibiri. Kwana uku kafin ranar aka hana ni wake, zogale, gyaɗa da duk abin da ke da ƙwaya ko ɓawo. Ana gobe kuma babu abinci sam, sai ruwa, shayi ba madara, da romon da aka tace. Har zoɓo an hana, saboda jansa yakan yi kama da jini a kyamara. Da magariba na fara shan ruwan wankin cikin, kofi bayan kofi, ga gishiri-gishiri ga wani ɗanɗano kamar an jiƙa leda. Kafin isha na koma ƙofar banɗaki da zama, buta a hannu. Maiɗakina tana leƙowa tana cewa, "Malam, ko dai a bar shi haka?" Na ce ai mai nema yana tare da samu, na ɗaga kofi na gaba. Sai da abin da ke fita ya koma ruwa garau kamar fitsari, wanda shi ne alamar cikin ya wanku.

A nan ƙorafina na farko yake. Takardar bayanin da aka ba ni da Turanci take, kuma a tsaye aka miƙo min ita. Wani dattijo daga Bajoga da muka zauna benci ɗaya ya sha kokonsa da ƙosai da asuba, don shi a ganinsa koko ba abinci ba ne. Haka aka mayar da shi gida, kuɗin mota ya tafi a banza. Da an zaunar da shi minti biyar an yi masa bayani da Hausa ko Fulatanci, da ba a yi haka ba.

Shi kansa gwajin bai kai yadda na ɗauke shi ba. Aka ba ni riga, nas ta sa min allura a bayan hannu, ta ce, "Baba, kwanta ta hagu, ka naɗe gwiwa." An rufe ni da zane, kuma ban ga wanda ya ko ɗaga gira ba. Na ɗan ji kumburin ciki lokacin da suka hura iska, daga nan sai gyangyaɗi. Da na dawo hayyacina an gama, bai fi rabin awa ba. Likita ya nuna min hoton tsiro ɗaya, bai kai ƙwayar wake ba, ya ce ya cire an tura ɗakin gwaje-gwaje. Iskar da aka hura kuwa sai ta fito, ko a gaban wa kake. Ka zo da wanda zai kai ka gida, don ba a barin mutum ya tuƙa mota ko babur a ranar.

Ina cikin jiran sakamako wani abokin aikina ya turo min labari a WhatsApp, wai Turawa sun gano gwajin ba ya hana mutuwa. Na bi diddigi. Binciken NordICC ne, wanda Michael Bretthauer na Jami'ar Oslo ya jagoranta, ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a Oktoban 2022. Mutum fiye da 84,000 masu shekara 55 zuwa 64 aka bibiya a Folan, Norwe da Suwidin. Bayan shekara goma, cikin kowane 10,000 da aka gayyata gwaji, 98 sun kamu da kansar, a waɗanda ba a gayyata ba kuma 120. A mace-mace bambancin kaɗan ne ƙwarai, abin da masu kanun labarai suka ɗauka ke nan. Amma kashi 42 cikin ɗari kacal na waɗanda aka gayyata ne suka je. Sauran irina ne na watannin baya, an kira su sun noƙe. Da masu binciken suka yi lissafi a kan a ce kowa ya je, sai raguwar kamuwa ta kai kashi 31, ta mutuwa kuma kusan rabi, ko da yake wannan lissafin bai kai na farkon ƙarfi ba. Haɗarin ma sun faɗa: mutum 15 sun zubar da jini sosai bayan cire tsiro, babu wanda hanjinsa ya huje. Sannan gwajin tantance jama'a ne gaba ɗaya aka auna, ba mai ganin jini a bayan gida ko mai tarihin ciwon a gida ba. Amurka ma a 2021 ta sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45.

Ƙorafi na biyu kuɗi ne da jira. Gwaji, maganin wanki da kuɗin duba tsiron kowanne da rasit ɗinsa da layinsa, kuma jimillar ta yi wa albashina babban giɓi. Sakamakon da aka ce sati biyu sai da ya shiga na huɗu, na yi sawu uku. Duk da haka, ga mai shekaruna da tarihin gidanmu, ban yi da-na-sani ba. Wanda aljihunsa bai kai ba, ya tambayi likita gwajin bayan gida na neman ɓoyayyen jini, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai in ya nuna jini dole a koma kan kyamarar.

Tsiron ya fito irin wanda kan iya rikiɗa ne, amma bai rikiɗa ba. An rubuta min in dawo bayan shekara biyar. Ƙanena da ke Kumo ya cika 41 bana, na kira shi sau biyu, har yanzu cewa yake sai an gama girbi.