Wane keke za ka saya don gajeriyar gasar tirayatilon?

Gajeriyar gasar tirayatilon iyo ne na mita 750, sai tuƙa keke kilomita 20, sai gudu kilomita 5, duk a jere, kuma agogo ba ya tsayawa ko lokacin da kake sauya kaya. Rabin tazarar da ake yi a Olamfik ke nan, inda wasan ya fara shiga a Sidni a 2000. Wanda ba sana'arsa ba ce, ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke atisaye bayan asuba, yakan gama cikin kimanin awa ɗaya da rabi, kuma kusan rabin wannan lokacin a kan sirdi zai ƙare. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni abin da zai fara saye, keke nake ce masa.

Akwai keken tseren agogo, mai ƙahonni biyu a gaba da ake kwantar da hannu a kai, irin wanda kake gani a hotunan Ironman, wato doguwar gasar tirayatilon. Manta da shi. Ga tsada, ga wuyar sarrafawa a kwana, birki ya yi nisa da yatsunka, kuma a gasar da aka yarda ka bi bayan wani ya tare maka iska, dokar World Triathlon, hukumar wasan ta duniya, ba ta yarda da shi ba.

Keken hawa dutse mai ƙatuwar taya, in kana da shi a gida, hau abinka ka yi gasar farko, sai dai ka sauya masa taya mai santsi. Amma kada ka cire kuɗi ka saye shi saboda wannan gasa. Nauyinsa yakan kai kilo 13 zuwa 15, kuma masu arha da aka sa wa sifirin gaba da baya suna shanye ƙarfin ƙafarka suna lilo da shi. Rale da Fonis na iyayenmu kuwa, a bar su da ɗaukar kaya, a nan suka fi kowa.

Zaɓina shi ne keken titi na alminiyom, na hannu, wanda bai sha wahala ba. Nauyinsa kilo 9 zuwa 10 ne, ƙafarsa mai lamba 700c, kansa a lanƙwashe yadda za ka sunkuya iska ta wuce ta samanka. Irin su Giant Contend, Specialized Allez, Trek Domane AL da Triban na Decathlon duk an yi su ne don mai farawa, kuma suna fitowa cikin kayan gwanjo. Ka sa masa taya mai faɗin milimita 28 in za ta shiga, don ta fi 23 haƙuri da ramuka da tsakuwa, kuma ba za ta rage maka gudun da za ka ji ba.

Giyar kamfanin Shimano hawa-hawa ce: Claris mai giya takwas a baya, Sora mai tara, Tiagra mai goma, sai 105, sai Ultegra da Dura-Ace na manya. Sora ko Tiagra sun ishe ka har ka gaji da gasar. Sarƙarsu ta fi kauri, ta fi sauƙin samu, ta kuma fi jure ƙura. Haka birki: na fi son mai waya da ke matse bakin ƙafa, wanda kowane mai gyaran keke zai iya ɗaure maka. Birkin faifai mai aiki da mai yana kamawa sosai, amma ranar da iska ta shige shi sai ka nemo wanda ya san kansa da kayan aikinsa. Wani ƙaramin abu da ke ba sababbi mamaki shi ne bakin tiyub. Na keken titi siriri ne, ana kiransa Presta, famfon mai faci na bakin hanya ba ya kama shi. Ka sayi ɗan mahaɗin da ake ɗaura masa, da tiyub biyu na ajiya, tun ranar da ka sayi keken.

Girman keke ya fi sunan kamfani muhimmanci. Ka tsaya a kansa ƙafafunka a ƙasa, ya zama akwai rata tsakaninka da sandar sama. Ka hau, ka sa dunduniya a feda tana ƙasa, ƙafarka ta miƙe ba tare da ƙugunka ya karkace ba. In sai ka yi miƙa kafin ka kamo birki, ya yi maka girma. Bayan da ya ƙage a kan keke, da shi za ka yi gudun kilomita 5.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan alminiyom shi ne abin da ya same ni. Keken da na fara saye na kabon ne, wato zaren kabon da aka daskarar da gam, wani dillali ya kawo mini yana sheƙi, mara nauyi, a kuɗin da ya kamata ya sa in yi shakka. Sati uku ina hawa sai na fara jin ƙara a ƙasan sirdi. Da muka kankare fentin sai ga tsaga, an cike ta da gam an fesa sabon fenti a kai. Allah Ya kiyaye ba a gangara ta buɗe ba. Kuɗina ya tafi, dillalin ya ce shi ma haka aka ba shi. Kabon yana ɓoye ciwonsa a ciki, alminiyom kuwa in ya bugu za ka ga lotsawa, in ya tsage za ka ga layi a bakin walda.

Saboda haka kada ka sayi keken hannu ta hoto, kada ka duba shi da magariba. Ka kife shi ka nemi lambar kamfani a ƙasan inda feda ke juyawa. In an goge ta ko an shafe ta da fenti, ka bar shi, mai yiwuwa na sata ne. Sabon fenti a tsohon keke tambaya ce da dole mai shi ya amsa. Ka je da maganaɗisu a aljihu: in ya manne a jikin keken da aka rubuta wa alminiyom, ƙarfe ne aka liƙa wa sitika, kuma ana yin haka da yawa. Ka duba kowace walda da fitilar waya, musamman wuyan keke da gindin sirdi. Ka kwance sandar sirdi ka ga tana motsi, don wata takan cije har abada. Ka ɗaga kowace ƙafa ka juya, ka ga ko tana rawa. Ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in wuya yana ƙwas-ƙwas akwai gyara. Haƙoran giya in sun yi tsini kamar ƙaya, sun cinye, kuma sauya su da sarƙa kuɗi ne da ya kamata a rage maka. Sannan ka hau ka bi kowace giya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya hana ka hawa, ya san abin da yake ɓoyewa.

Jabu bai tsaya a keke ba. Sarƙa da takalmin birki masu sunan Shimano na bogi sun cika kasuwannin intanet, kwalinsu kamar na gaske, sai an yi 'yan makonni sarƙar ta saki. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne hular kwano. Ba za a bar ka ka shiga gasa babu ita ba, doka ma ta ce ka ɗaure ta kafin ka ciro keke daga mazauninsa, kada ka kwance sai ka mayar da shi. Ta gaske tana da shaidar gwaji a ciki, EN 1078 ta Turai ko CPSC ta Amurka. Amma sitika ma ana bugawa, don haka ka duba jikinta: kumfan ciki ya zama mai tauri, manne da ɓawon waje, maɗaurinta kuma ya ƙi zamewa in ka fizga. Hula mai sunan babban kamfani a kuɗin rigar gwanjo jabu ce. Kuma kada ka sayi ta hannu ko da ta gaske ce, domin bugu ɗaya take ɗauka, bayan nan kumfan ya mutu ko da ido bai gani ba. A nan kaɗai nake cewa sabuwa dal, daga shagon da za ka iya komawa.

Sauran kayan ba su kai a daɗe a kansu ba. Rigar roba ta ruwan sanyi haramun ce ga 'yan sha'awa a wannan tazara in ɗumin ruwa ya kai digiri 22, to a ƙasashenmu masu zafi da wuya ka buƙace ta, in kuma tafiya ta kai ka ƙasar sanyi, haya ake bayarwa. Rigar gasa guda ɗaya da ake iyo da keke da gudu da ita tana da daɗi, amma wandon iyo da rigar da ba auduga ba sun wadatar, muddin ƙirjinka a rufe yake a keke da gudu. Tabarau na iyo, ka danna shi a fuska ba tare da igiya ba, in ya manne na ɗan lokaci naka ne. Takalmin gudu, wanda ƙafarka ta saba da shi, ka sa masa igiyar roba. Takalmin da ke maƙalewa a feda ka jinkirta shi: da feda ta yau da kullum za ka sauka ka kama gudu ba sauyi. Agogon GPS ba ya ƙara gudu.

Abin da ya rage a hannunka ka kai shi wurin iyo mai tsafta da malamin da zai gyara maka numfashi, domin mita 750 ne ke mayar da mutane gida tun kafin su taɓa keken. Kada arha ta kai ka dam ko kududdufi, can ake ɗauko tsargiya. In keken ya zo hannu, ka ba shi aƙalla sati shida kafin gasa, kuma sau ɗaya a mako, da ka sauka daga kansa, ka kama gudu na minti goma nan take, don ƙafafunka su saba da nauyin da ke zuwa bayan feda.