Farin khal a kan fumfunar bel ɗin tsohuwar 504, ga abin da na gani

Jama'a duk mai tsohuwar mota da yake lallaɓawa a gida, in damina ta yi nisa ya daure ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe ya duba. Wanda ke waje zai iya zama tas, amma ɓangaren da ke naɗe a cikin akwatinsa a gefen ƙofa nan fumfuna take kwanciya, ba iska ba haske ga laima. Tawa Peugeot 504 ce haɗin Kaduna, irin waɗanda PAN, kamfanin Peugeot na Najeriya, ta fara haɗawa tun 1975, ta Baba ce Allah ya jiƙansa, shi ya sa ba na wasa da ita. Ruwan Agusta ya same ta a ƙarƙashin tamfol gilasai a rufe, da na buɗe wallahi warin ne ya fara tarbata, bel ɗin gaba duka biyun sun yi fari-fari da ɗigon kore da baƙi.

Na fara da wannan feshin kumfa na wanke kushin da ake sayarwa a shagunan kayan mota. Gaskiya a kan kushin ya yi ƙoƙari, ƙamshi ma ba laifi, amma a bel saman kawai ya share, bai shiga cikin saƙar ba, ba a jima ba ɗigon suka sake lekowa. A wajen wankin mota kuma wani ya ce in kawo su jiƙa shi da bilic su bi da injin feshin ruwa mai ƙarfi, na ce a'a na gode. Bel ba tsumma ba ne, zaren roba ne aka saƙa, galibi foliyesta, wasu tsofaffin kuma nailan, kuma bilic yana cin ƙarfin zare ba tare da ido ya gani ba. Za ka ga bel ya yi fes alhali ranar da za a taka birki na gaske shi ne zai riƙe ƙirjin mutum. Ni dai ba zan yarda da wannan ba a motar da nake ɗaukar yara a ciki.

To sai na koma kan farin khal, wato vinegar, wannan dai na kicin da mata ke amfani da shi, mai asid kusan kashi 5 cikin ɗari, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Na haɗa rabi khal rabi ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Na ja bel ɗin har ya ƙare na sa abin matse shanya a bakin ramin don kar ya koma, na cusa tsumma a wajen saboda ruwa kar ya gangara cikin injin naɗewar, in ya shiga sifirin ɗin ciki tsatsa zai yi kuma shi ke nan an jawo wani aikin. Kafin in jiƙa na sa takunkumi na kaɗe busasshiyar fumfunar a waje ƙofofi a buɗe, don ƙurarta tana tayar da tari, masu asma ma kar su matso. Sai na fesa haɗin gaba da baya, na bar shi kamar minti 15, na bi da buroshi mai laushi ina bin tsayin bel ɗin, ba a gicciye ba, a gicciye yana tayar da gashin zare. Daga nan ruwan sabulun wanke-wanke ɗan kaɗan, sai ruwa zalla, sai na matse da tawul.

Ruwan da ya fito kuwa ba a magana, dattin hannu da zufa na shekaru ne, kuma shi ne abincin fumfunar tun farko.

Inda aikin yake na gaske shi ne shanya. Bel yana da kauri, samansa zai bushe ka taɓa ka ji kamar ya yi, alhali cikinsa da sauran danshi, kana sakinsa ya naɗe ka mayar da kanka inda ka fito. Na bar su a miƙe a inuwa, ƙofofi a buɗe, na jona fanka tana busa musu har washegari. Ban sa su a rana tsaka ba don zafin rana shi ma yana gajiyar da irin wannan zaren, balle wanda ya riga ya tsufa.

Sakamako? Fari da koren sun tafi gaba ɗaya, warin ruɓa ya tafi, bel ɗin ya yi laushi har komawarsa ciki ta fi da sauri. Har damina ta wuce ban sake ganin komai ba. Amma in faɗi gaskiya akwai inda khal bai kai ba, wasu baƙaƙen ɗigo a bel ɗin direba sun dusashe ne kawai, tabon yana nan in ka ƙura ido. Tsaminsa kuma ya ɗan zauna a motar kafin iska ta kwashe. Kuma ka goge ƙarfen da ake sokawa ya bushe nan take, khal ba ya shiri da ƙarfe. Don Allah kar wani ya haɗa khal da bilic wai don ya fi ƙarfi, hayaƙin kilorin yake fitarwa, guba ne.

Fumfunar ma ba daga sama ta faɗo ba. Da na ɗaga kafet ɗin gefen fasinja a jiƙe yake, robar gilashin gaba ta tsage ruwa na sulalowa, sai da mai gilashi ya canza ta. Tamfol ɗin ma na daina lulluɓawa ruf, ina barin ƙasa a buɗe.

Ina ba khal ɗin yabo sosai, zan kuma sake amfani da shi. Sai dai wanki ba ya mayar wa tsohon bel ƙarfinsa. Tunda ka riga ka ja shi waje, duba gefensa ko ya fara zarewa, duba ɗinkin wajen noti, ka fizge shi da ƙarfi ka ga ko zai kulle. Na baya guda ɗaya a tawa gefensa ya cinye, ban ma ɓata khal a kansa ba, na cire shi ina neman sabo da zai hau wajen.