Kaskon Poffertjes, Ƙarfen Stroopwafel ko Allon Speculaas: Wanne Ya Kamata a Fara Saya?

Akasarin girke-girken gargajiya na mutanen Holan ba sa buƙatar wani kayan aiki da babu shi a madafin Bahaushiya. Stamppot, wato dankalin Turawa da ake dafawa a murƙushe shi tare da ganye ko karas da albasa, tukunya da muciya kawai yake so. Oliebollen, ƙwallayen fulawa da zabibi da suke soyawa a daren shiga sabuwar shekara, da bitterballen, waɗanda ake yi da naman sa da aka dafa cikin miya mai kauri, aka bari ta sandare, sannan aka mulmula cikin garin burodi, duk a kaskon suya mai zurfi ake yin su. Saboda haka duk ɗan kasuwar da ya ce sai an sayi injin suya na lantarki kafin a iya yin su, cinikinsa kawai yake nema. Abubuwa uku ne suke da kayan aikinsu na musamman: poffertjes, stroopwafel da speculaas. Idan aljihu ba zai ɗauki ukun a lokaci guda ba, shawarata ita ce a fara da kaskon poffertjes na baƙin ƙarfe, kuma a yi taka-tsantsan wajen sayensa fiye da sauran biyun.

Poffertjes ƙananan wainar fulawa ce mai laushi da kumburi, wadda faɗin kowace ɗaya bai wuce kamar santimita 4 ba. Mutanen Holan sun san ta tun ƙarni na 18, kuma har yau ana sayar da ita a rumfunan kasuwa da wuraren bukukuwa, a zuba goma sha wani abu a faranti, a ɗora yankan bota a kai, a barbaɗe da garin sukari har sai ta yi fari fat. Kaskonta faffaɗa ne mai ƙananan gurabu, na gida yawanci gurbi 15 ko 19. Duk wadda ta taɓa zama gaban tandar masa ta riga ta san rabin aikin, domin shafa mai a gurbi, zuba ƙullu da juya wainar kafin samanta ya bushe, duk hannu ɗaya ne. Bambancin shi ne gurbin wannan kasko ya fi na tanda ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba shi da zurfi, shi ya sa wainar take nuna cikin ɗan lokaci ƙalilan, cikinta kuma ya rage da danshi.

Dalilin da ya sa na fifita shi a kan sauran shi ne yawan amfaninsa. Kayan haɗin ba su da wuyar samu: fulawa giram 250, busasshen yis giram 7, madara mai ɗumi kamar mililita 350, ƙwai guda, ɗan gishiri da cokali ɗaya na sukari. A girkin asali rabin garin na boekweit ne, wani ƙwayar hatsi da ba alkama ba, mai ba wainar ɗan duhu da ɗanɗano kamar na gyaɗa, amma gidaje da yawa a Holan ɗin ma da fulawa zalla suke yi, kuma tana yin daɗi. A kwaɓa, a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi kamar awa guda har ƙullun ya tashi ya yi ƙananan idanu. A zuba shi a cikin robar da ake matsawa mai tsinin baki, domin ludayi yana ɓata gefen gurabu. Da zarar ƙullun ya sauka a gurbi mai zafi za a ji ɗan ƙarar bota, gefensa ya fara ɗagowa, tsakiyarsa na tsattsafo da kumfa; a daidai nan ake soka cokali mai yatsu a juya, tun saman yana jiƙe, saboda wannan ɗanyen ƙullun ne yake gangarawa cikin gurbin ya ba ta kumburin gefe na biyu. Wanda ya jira saman ya bushe zai samu waina shafaffiya mai tauri.

Wannan aiki baƙin ƙarfe na zubi ne kaɗai yake yin sa yadda ya kamata a gida. Yana jinkirin ɗaukar zafi, amma idan ya ɗauka yana riƙe shi sosai, ta yadda ƙullu mai sanyi ba ya kwantar masa da wuta. Yana zama a kan murhun gas, yana zama a kan risho, yana zama a kan gawayi idan an baje garwashin, kuma tsinin cokali ba ya yi masa komai. Iya tsawon amfani da shi, iya santsin da gurabunsa suke ƙarawa. Na alminiyam mai baƙin shafi na hana kamu ba shi da nauyi kuma ya fi araha, sai dai ba ya riƙe zafi kamar baƙin ƙarfe. Na jan ƙarfe, irin wanda masu rumfa suke amfani da shi, na sana'a ne, tsadarsa da girmansa sun fi ƙarfin gida. Na lantarki kuwa, a garin da wuta take zuwa ta tafi ba sallama, ƙullun da ya tashi ba zai jira ta dawo ba.

Ƙarfen stroopwafel shi ne na biyu, kuma ba na raina shi. Stroopwafel ta samo asali ne daga garin Gouda, wanda cukunsa ya yi suna, wajajen ƙarshen ƙarni na 18 zuwa farkon na 19. Siririyar waina ce da ake gasawa tsakanin faranti biyu na ƙarfe, a tsaga ta gida biyu da wuƙa tun tana da zafi, a shafa haɗin ruwan sukari mai kauri da bota da kirfa a tsakiya, a mayar a haɗe. Masu shan shayi sukan ɗora ta a bakin kofi tururi ya narkar da cikinta. Wanda bai samu stroop ɗin Holan ba, wato ruwan sukarin nan mai kauri, zai iya narka mazarƙwaila ya tace, ɗanɗanon yana kusa. Abin lura wajen saye ɗaya ne: zanen da ke jikin ƙarfen ya zama ƙanana marasa zurfi, kuma farantan su haɗu sosai. Ƙarfen waina irin ta Beljiyam mai manyan ramuka ba zai taɓa ba da abin da za a iya tsagawa ba. Na sa shi a baya ne saboda aikinsa yana son hanzari da juriyar zafi a yatsu, ga shi ɗaya bayan ɗaya ake gasawa, don haka yakan ƙare a cikin kabad bayan ɗokin farko.

Allon speculaas katako ne da aka sassaƙa wa siffofi, ana danna kwaɓi a ciki a fitar da biskit mai kayan ƙamshi da ake ci a lokacin bikin Sinterklaas na 5 ga Disamba. Ado ne kawai. Daɗin speculaas yana cikin kirfa, kanumfari, gyaɗar ƙamshi, citta da farin masoro, kuma bakin kofi zai yanka kwaɓin ba tare da an rasa komai ba.

Inda nake so mai saye ya buɗe ido sosai shi ne wajen jabu, domin a nan ne aka taɓa cuta ta. Wani mai sayar da kaya ta intanet ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa kaskonsa baƙin ƙarfe ne na zubi, hoton da ya saka kuma na ƙarfen gaske ne, mai ɗan kaushi a jiki. Abin da ya iso hannuna alminiyam ne da aka fesa wa baƙin fenti. Ba a daɗe ana amfani da shi ba fentin ya fara ɓarewa a gefen gurabu, ƙananan baƙaƙen ɓarɓashi suna manne a jikin wainar da yara za su ci, ƙasan gurbin kuma yana ƙyalli fari kamar sabon kwano. Da aka yi masa magana sai ya ce ai an yi amfani da kayan, ba ya karɓar mayarwa. Tun daga nan ba na duban kyan kasko sai na tabbatar da abin da aka yi shi da shi.

Gwajin ba shi da wuya. Maganaɗisu yana manne wa baƙin ƙarfe, ba ya manne wa alminiyam, don haka a tafi kasuwa da ɗan ƙarami a aljihu. Sai dai a gwada shi a cikin gurbin da kuma gefen kaskon, kada a tsaya a gindinsa, saboda akwai na alminiyam da ake liƙa wa faifan ƙarfe a ƙasa domin ya yi aiki a kan murhun lantarki na zamani, kuma wannan faifan zai kama maganaɗisu ya ruɗi mutum. A ɗaga shi da hannu ɗaya: na gaske yakan haura kilo guda, wuyan hannu zai shaida. Idan ta intanet ne, a nemi nauyin a rubuce, a roƙi hoton kaskon a kan sikeli, a kuma tambayi sharaɗin mayarwa kafin a tura ko sisi. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Yaudara ta biyu ta fi wannan yawa, ita ce sayar da kaskon wata ƙasa da sunan na Holan. Mutanen Denmak suna da kasko mai gurbi bakwai masu zurfi na wainarsu da suke kira æbleskiver, mutanen Japan suna da na takoyaki, a kudancin Indiya ma akwai na paniyaram, kuma dukansu gurabunsu rabin ƙwallo ne. Masu talla sukan jera sunayen nan duka a kan kaya guda domin kowa ya faɗo. Kaskon da gurbinsa ya yi zurfin rabin ƙwallo zai ba da dunƙule wanda waje ya ƙone ciki bai nuna ba idan aka bi shi da ƙullun poffertjes. A nemi hoton da aka ɗauka daga gefe, a ga zurfin da ido. Wanda ya nace sai na lantarki, ya duba rubutun da ke gindin injin: Holan, Najeriya da Nijar duk wutarsu tana tsakanin bolt 220 zuwa 230 ne, amma kayan da aka yi don kasuwar Amurka na bolt 120 ne, kuma jona su kai tsaye ƙonewa ne nan take. Shi kuma tsohon kasko na hannu, tsatsa ba ta hana sayensa domin tana gogewa, tsagewa ce ba ta da magani, don haka a ɗaga shi a hasken rana a duba wajen mariƙi.

Kayan haɗin da ake shigowa da su ma suna son karatu. Garin poffertjes na kwali ba laifi ba ne, amma ba abin da ya ƙunsa wanda ya cancanci kuɗin jirgi. A kan fakitin stroopwafel, kalmar roomboter ita ce take nuna an yi da bota ta gaske. Ga Musulmi kuma akwai kalmomin da ya wajaba ya gane a jikin kayan Holan: varken alade ne, spek naman alade ne mai kitse, reuzel kitsensa ne, gelatine kuma sau da yawa daga jikinsa ake samo shi. Rookworst, wato sosej ɗin da aka kyafa da hayaƙi, wanda ake ɗorawa a kan stamppot da miyar wake ta erwtensoep, yawanci na alade ne, sai wanda aka rubuta runder a jikinsa, shi ma a nemi shaidar halal. Wasu masu rumfa suna zuba advocaat ko rum a kan poffertjes, dukansu barasa ne, kuma wainar ba ta buƙatar su.

Idan kaskon gaske ya shigo gida, a wanke shi da ruwan zafi, a busar da shi a kan wuta, a shafe gurabun da man gyaɗa kaɗan, a bar shi ya yi zafi har ya fara hayaƙi, a sauke ya huce, a maimaita sau biyu ko uku. Zubin farko yakan kama, wannan ba alamar jabu ba ce, daga na biyu yake sakin jiki. Bayan an gama girki a goge shi da tsumma ko takarda tun yana da ɗumi, kada a jiƙa shi cikin ruwa ya kwana, kada a kankare shi da soson ƙarfe. A lokacin damina a ƙara masa shafin mai kafin a ajiye, a kuma naɗe shi da takarda maimakon leda, domin leda tana tara gumi ta jawo tsatsa.