Airwolf a faifai: a kalli zango uku, a bar na huɗu a kwali

Kwalin da na saya ya ƙunshi shirin Airwolf gaba ɗayansa, zango huɗu, tun daga kashin farko da tashar CBS ta Amurka ta nuna a watan Janairun 1984 har zuwa na ƙarshe a 1987. Sai da na yi ɗari-ɗari kafin in zura faifan farko, domin yawancin abubuwan da suka burge mu muna yara, idan aka sake kallonsu da furfura a gemu, kunya suke ba mutum. Wannan dai bai ba ni kunya ba, in ban da ƙarshensa.

Ga wanda bai riski zamanin ba, labarin wani jirgin yaƙi ne mai saukar ungulu da wata hukumar leƙen asiri da ake kira FIRM ta ƙera a ɓoye. Ranar gwaji, wanda ya tsara shi, Dakta Moffet, ya juya bindigogin jirgin kan masu kallo, ya gudu da shi Libiya. Sai aka nemi Stringfellow Hawke, tsohon matuƙin yaƙin Biyetnam, ya je ya ƙwato shi. Ya ƙwato ɗin, amma ya ƙi mayar wa gwamnati. Sharaɗinsa ɗaya ne: a nemo masa yayansa St. John da ya ɓace a Biyetnam, sannan a yi maganar jirgi. Ya kai shi cikin kogon wani dutse a hamada ya ɓoye, daga shi sai tsohon amininsa Dominic Santini suka san wurin.

Muna yara ba mu damu da wannan duka ba. Abin da muke jira kawai a ji kiɗan nan na Sylvester Levay ya tashi, jirgi ya fito daga bakin dutse a miƙe, akta ya danna maɓallin turbo mai ƙara wa jirgin gudu, bos ya ga ta kansa. Yanzu ne na lura zangon farko labarin baƙin ciki ne. Hawke, wanda Jan-Michael Vincent ya fito a matsayinsa, mutum ne da iyayensa suka mutu, budurwarsa ta mutu, yayansa ya ɓace, har ya ɗauka duk wanda ya raɓe shi ajali ne zai same shi. Zaune yake shi kaɗai da karensa a wani gidan katako a bakin tafki, yana goga wani babban goge na Turawa, mikiya na shawagi a samansa. Maganarsa ba ta da yawa. Ernest Borgnine, wanda tuni ya ci kyautar Oscar da fim ɗin Marty na 1955, shi ne Dominic, kuma surutunsa da dariyarsa su ke hana shirin zama zaman makoki. Ga kuma Archangel, jami'in FIRM mai fararen kaya da sanda da tabarau mai baƙin ido ɗaya, wanda har yanzu ban yanke hukunci ko abokinsu ne ko amfani yake yi da su ba. Donald Bellisario da ya ƙirƙiro shirin da gangan ya bar abin haka, kuma nan ne daɗinsa yake.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne jirgin kansa. Na gaske ne. Ƙirar Bell 222 ce, irin wadda manyan kamfanoni ke saya don ɗaukar shugabanninsu, aka liƙa mata ƙarin fatu da bindigogin ƙarya aka shafe ta da fenti mai duhu, cikinta fari. Idan ka ga ya ratsa kwazazzabo ko ya sauko ƙasa-ƙasa yana ta da ƙura, wani matuƙi ne mai jini a jika ya yi hakan a gaban kyamara. Ido yana gane nauyin ƙarfe a iska, abin da har gobe zanen kwamfuta bai iya ba sosai. Maganar cewa yana wuce gudun sauti kuwa, tatsuniya ce: Bell 222 ba ta kai kilomita 300 a awa ba, kuma babu jirgi mai farfela a ka da zai yi wannan gudun, domin fiffiken da ke komawa baya zai daina ɗaga shi tun da nisa. Masu shirin sun san da haka, shi ya sa suka ce idan an kunna turbo farfelar sakinta ake yi. Na karɓi uzurin, tunda sun yi ƙoƙarin kawo shi.

Ƙarshen jirgin ma abin tausayi ne. Bayan an gama da shi an cire kayan adon aka sayar da shi Jamus, ya koma ɗaukar marasa lafiya, kuma a watan Yunin 1992 ya faɗi cikin hadari, mutum uku da ke ciki suka rasu.

Akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Libiyar da aka nuna, da sauran ƙasashen da Hawke ke kai wa farmaki, kusan duk hamada ɗaya ce da fuskoki iri ɗaya: Balarabe ko dai mugu ne ko wawa, sojansa kuma yana tsaye ne kawai a harbe shi. Zamanin shugaban Amurka Reagan ne, lokacin da Amurka ke takun saƙa da Gaddafi har ta kai ga jefa bama-bamai a Tarabulus da Bangazi a Afrilun 1986, kuma shirin ɗan zamaninsa ne. A da tafi muke yi. Yanzu da na kalla tare da 'ya'yana sai da na tsayar da faifai na yi musu bayani.

Daga zango na biyu tashar ta nemi a sassauta don iyali, aka kawo Caitlin, matuƙiya 'yar Texas, da Jean Bruce Scott ta fito a matsayinta. Ita ba laifinta, ta iya wasa. Labaran ne suka fara karkata daga leƙen asiri zuwa ceton wani maƙwabci daga hannun 'yan daba, sai ka ga an fito da jirgin da zai iya nutsar da jirgin ruwan yaƙi don a kori mutum huɗu a motar a-kori-kura. Duk da haka zango na biyu da na uku suna kalluwa.

Na huɗu kuwa, Allah ya kyauta. CBS ta soke shirin a 1986, tashar USA Network ta ɗauka aka koma Kanada da ɗan kuɗi kaɗan. A kashin farko aka kashe Dominic, aka kwantar da Hawke a asibiti, aka fito da St. John ɗin da aka yi shekara uku ana nema kamar ba komai, Barry Van Dyke ya zama shi. Jirgin ma ba ya hannunsu, tsofaffin hotunan tashinsa suke yankowa suna liƙawa, har mutum ya haddace wane dutse zai fashe.

Ta fuskar faifan, hoton fes yake fiye da yadda muka san shi a kaset, sai dai tsabtar ta tona asirin wuraren da aka aro tsofaffin hotunan jiragen yaƙi, domin nan take za ka ga dishi-dishi ya shigo. Hoton ba mai faɗi ba ne, irin na tsohuwar talabijin ne, saboda haka za a ga baƙi a gefe da gefe. Kada a ja shi ya cika allo, jirgin kumbura yake yi. Sauti kuma a haɗa da lasifika mai kyau, don kukan injin nan da ke kama da na kyarkeci ba ya fita a ƙaramar sifikar talabijin.